Yadda Na Gwada Idon Surukina da Tauraruwa Mai Goyo

Ku samarin da kuke yawo da allon tabarau a tasha da bakin kasuwar Daura, ina ganinku kullum, kuma ba haushinku nake ji ba. Tsoro kuke ba ni. Shekaranjiya na ga ɗayanku ya sayar wa wani tsoho gilashi kafin mai shayi ya gama juya kofi ɗaya. Tsohon ya saka ya ce, "Ya yi?" Saurayin ya ce, "Ya yi maka kyau, Baba," suka rabu. Ni kuwa na bi tsohon nan da ido har ya tsallaka titi, daga nan na rufe akwatina na bi shi da ƙafa har ƙofar gidansa, don in tabbata bai faɗa kwata ba. Ba ni na sayar masa ba. Amma a gabana aka yi, in ya karye ban san me zan ce ba ranar da za a tambaye ni.

Sunana Hamisu, ana ce min Mai Tabarau. Firamare na gama, ban wuce nan ba, don haka in kun ga kuskure a rubutun nan ku gyara, amma kada ku taɓa abin da na faɗa a kan ido. Na fi shekara talatin a wannan sana'a. Kuna cewa ai sauƙi gare ta, a miƙa a karɓa. To ku zauna.

Aikin farko da maigidana Malam Ilu, Allah ya jiƙansa, ya ba ni shi ne goge gilashi. Ya miƙo min ƙyalle mai laushi ya ce kada in kuskura in goge da bakin riga, don bakin riga yana ɗauke da yashi, yashi kuwa yana zana gilashi, mai zanannen gilashi kuma duk inda ya duba sai ya ga kamar ana yayyafi. Na daɗe ba abin da nake yi sai gogewa. Ranar da ya fara ba ni firam in lanƙwasa hannunsa a kan kyandir don ya zauna daidai a kunnen wani mai ɗinki, na riƙe shi nesa da wuta saboda tsoro, har kyandir ya kusa ƙarewa roba ba ta ji komai ba. Malam Ilu ya ce, "Hamisu, dumama shi za ka yi, ba gaishe shi ba." Na matsar. Ya narke.

Akwatin da ya bar min shi nake amfani da shi har yau, na katako ne, hawa uku. A sama na rana da na gayu, waɗanda ba sa cutar da kowa sai aljihu. A tsakiya na kusa, na masu karatu da ɗinki. A ƙasa na nesa, kuma su ne masu haɗari. Akwai ƙaramin sukudireba, da 'yar filaya, da madubi, da allura da zare, da gwangwanin shinkafa mai tsakuwa a ciki. Mai neman na kusa, in namiji ne in ba shi allura ya zura zare, in mace ce in zuba mata shinkafa a faifai ta tsince. Wanda na gwada masa duk abin da ke akwatin bai ga sauyi ba, ko wanda na ga fari-fari ya rufe masa ƙwayar ido, ba na sayar masa da komai. Asibiti nake tura shi, wani lokaci ma in raka shi, don na san halin mutanenmu, sai su ce to, su zarce gida.

Gwajin nesa shi ne wahala. A kasuwar Mashi ko Dutsi ko Sandamu, in ka ce wa mutum, "Awaki nawa ne a ƙarƙashin bishiyar can?" sai ya ce biyar, ka ƙirga ka ga huɗu, kafin ka yi magana ɗaya ta fito daga bayan bishiya. Ba ka san ko ya gani ba, ba ka san ko sa'a ya ci ba. Shi ya sa duk wanda lamarinsa ya yi nauyi, kamar direba ko maharbi, Malam Ilu yakan ce masa ya same mu a bayan gari in an yi sallar isha'i.

Ku fuskanci arewa in duhu ya shiga. Akwai manyan taurari bakwai, huɗu sun tsaya kamar ƙafafun gado, uku sun biyo su a jere da ɗan lanƙwasa. Buzayen da ke zuwa cin kasuwar Mashi suna ce musu taguwa, wato raƙuma. Ta tsakiyar ukun nan ita ce kayan aikinmu. Mai raunin ido tauraruwa ɗaya zai gani. Mai lafiyar ido zai ga wata 'yar ƙarama, dishi-dishi, a jikinta, da siririn duhu tsakaninsu. Malam Ilu ya sa mata suna Mai Goyo.

Tana da halaye, kuma sai ka san su. Ba duk shekara ake samunta da farkon dare ba. Daga ƙarshen sanyi zuwa tsakiyar damina tana nan, bayan haka sai ta riƙa nutsewa bayan bishiyoyi da wuri. Farin wata yana haɗiye goyon. Siririn gajimare ma haka, hayaƙin murhu ma haka, fitilar sola kuwa kashe shi take yi gaba ɗaya. Sannan goyon ba ya zama wuri guda, don taurarin nan bakwai juyawa suke yi a hankali kamar dutsen niƙa. Da bazara, bayan isha'i, yana ƙarƙashin uwar, kamar ya zame. Da farkon damina ya dawo gefenta na dama. Lokacin marka kuwa ya hau sama, kamar ta ɗora shi a ka. Wannan shi ne asirin gwajin, domin Daura duka, har da makafi, kowa ya san amsar ita ce biyu. Sai ka ƙara tambaya: ina ƙaramar take?

Wani makiyayi mai suna Buba, daga wata ruga kusa da Dutsi, ya taɓa zuwa sayen baƙin gilashi na sallah. Na ce sai na gwada shi tukuna, don ban san ko baƙin zai ƙara masa wani ciwo ba. Kafin in gama ɗaga yatsa ya ce, "Kai Kaɗo, wannan 'yar maraƙar kake nufi? Ai ko saniyata ta san da ita." Na roƙe shi kada ya rufe irin wannan ido da komai. Ya sayi baƙin gilashinsa ya tafi yana dariya. Buban nan kuwa aminin surukina ne, tare suke cin kasuwar dabbobi.

Shekarar da ta fi min wuya ba ta rashin ciniki ba ce. An yi wadda gilashi mai araha ya cika gari, muka sha kunu muka wuce. Mugunyar shekarata ita ce wadda aka ce in gwada idon surukina.

Sunansa ba ya fita daga bakina, kuma ba zai fita daga birona ba. Baba zan ce. Dillalin awaki ne a wani ƙauye gaba da Sandamu, yana da babur ɗin da ya fi wasu jikokinsa shekaru. Tun da na auri 'yarsa Hajara ban taɓa tsayawa a tsaye gabansa ba. In na hango shi daga nesa na cire takalmi na durƙusa, kaina a ƙasa, in gaida shi ina kallon yatsun ƙafarsa. Da za a jera min dattawa goma, ta ƙafa zan gane shi.

Da bazarar shekarar babban ɗansa, Yaya Lawal, ya zo ya zauna a bencina ko ruwa bai karɓa ba.

Ya ce, "Hamisu, na ƙwace mukullin babur ɗin Baba."

Na ce, "Subhanallahi. Lafiya?"

"Ina lafiya? Wancan watan ya tsaya ya yi wa famfon tuƙa-tuƙa sallama, har ya ji haushi ba a amsa ba. Bayan nan ya ci birki a bakin gonar rani zai rage wa mutum-mutumi hanya. Shekaranjiya kuwa ya bi ta kan kaskon mai ƙosai. Allah ya taimaka ba ta zuba mai ba."

Na ce, "To a kai shi asibiti mana."

"Ya rantse ba zai je ba, kuma ba zai rataya kwalba a fuska ba, wai idonsa ya fi na shaho. Dattawa sun shiga tsakani. An tsaya a kan magana ɗaya: kai za ka gwada shi da tauraruwarka. In ka ce yana gani, in mayar masa da mukulli. In ka ce ba ya gani, ya haƙura har abada. Shi ma ya yarda."

Na ce, "Yaya, ni?"

Ya ce, "Kai mana. Akwai wani mai tabarau a gidan?"

Ku duba inda aka ajiye ni. In na ce yana gani, ya je ya take ɗan wani, jinin yana wuyana. In na ce ba ya gani, na raba uban matata da ƙafarsa da kasuwarsa, kuma da wane baki zan faɗa, ni da ko "a'a" ban taɓa ce masa ba? Na koma gida na nemi shawarar Hajara. Ta ce, "Ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah." Na ji sanyi. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ka tuna ubana ne." Ta ci gaba da tankaɗe.

Zuwana na farko na tarar da farin wata, na ce ba zai yiwu ba, kuma gaskiya ne. Na biyu ana dafa wake a maƙota, hayaƙi ya tashi, na ce a jinkirta. Na uku sararin sama fes, ba wata ba hayaƙi, amma da na yi atishawa a hanya sai na ji kamar idona na hagu yana ruwa, mai gwaji kuwa bai kamata ya yi gwaji da ido mai ruwa ba. Na gaida ƙafar Baba na dawo. Daga nan damina ta sauka, hadari ya riƙa taimakona.

Ana cikin haka Baba ya aiko min da zabuwa. Na tsaya ina kallonta tana kallona. In na ci, ko cin hanci ne? In na mayar, na mayar wa suruki kyauta, abin da ko mahaukaci ba ya yi. Sai na ɗaure ta ina ba ta dawa. Bayan 'yan kwanaki Yaya Lawal ya ji labari, ya aiko da zakara. Shi ma na ɗaure. Suka riƙa faɗa a tsakar gida tun asuba, Hajara tana cewa in ba zan yanka ba in gina musu kotu.

A wannan tsakanin ne wani malamin kimiyya na sakandare, Malam Nura, ya kawo tabarau ɗinsa in ɗaure masa kusar da ta kwance. Mutumin kirki ne. Muna hira na ba shi labarin Mai Goyo, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce in zo filin makaranta in sama ta washe, yana da madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Na je. Ya saita, ya ce in leƙa da ido ɗaya. Na leƙa. Goyon ya matsa can gefe, uwar kuwa, uwar da na sani tun ina saurayi, ta rabu biyu. Farare tas, ɗaya ta ɗan fi ɗaya, suna dab da juna.

Na ce, "Malam, madubinka ya tsage."

Ya yi dariya ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce ba ma nan abin ya tsaya ba. Masana masu manyan na'urori sun gano kowace ɗaya daga biyun nan ita ma biyu ce, suna zagaya juna, sun yi kusa da juna har madubi ba ya raba su, sai ta hanyar nazarin haskensu. Goyon ma yana da wata 'yar mitsitsiya da ke biye da shi. Shida ke nan. Ya ce kowace ɗayansu rana ce kamar tamu, yawancinsu ma sun fi tamu girma da zafi, nisa ne ya mayar da su ƙwayar gero, kuma siririn duhun da nake gani tsakanin uwa da goyo, fili ne da hankali ba ya ɗauka. Duk suna tafiya waje guda. Har ya ce masanan ba su gama daidaitawa ba a kan ko goyon a ɗaure yake da uwar, ko hanya ce kawai ta haɗa su.

Na ce, "Wato ma ba a tabbata ɗanta ba ne?"

Ya ce, "Kusan haka."

Washegari ban buɗe akwati ba. Shekara talatin ina ce wa bayin Allah, "Biyu ne, ka ci," ashe shida ne. Na tafi wurin limamin unguwarmu na same shi yana ƙailula, na zauna a zaure har ya fito, na zayyana masa komai, na tambaye shi ko sai na bi duk wanda na taɓa gwadawa na gyara maganata, har da waɗanda suka koma Nijar. Ya dube ni ya ce, "Hamisu, idon mutum kake gwadawa ko idon ƙarfe?" Na ce na mutum. Ya ce, "To idon mutum nawa yake gani?" Na ce biyu. Ya ce, "Tashi ka tafi." Duk da haka na aika wa Yaya Lawal cewa a ƙara haƙuri, an samu ƙarin taurari, wani ɗan boko ya ce shida ne, ina bincike.

Amsar da ta dawo daga Baba ce da kansa. Ya ce a gaya wa Mai Tabarau ya gaji da hawan jaki, jakin ma ya gaji da shi, in ban zo a daren farko da sama ta washe ba, shi zai zo gidana ya tare.

Marka ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo. Wata ranar aka wuni ana ruwa, da yamma ya ɗauke, sama ta wanku kamar an goge ta da ƙyallena. Ba wata. Na duba ko'ina ban samu ko ɗan hayaƙi ba. Na ɗauki akwati na tafi.

Da aka idar da isha'i aka shimfiɗa tabarma a bayan gari. Baba ya zauna a tsakiya, Yaya Lawal a gefe da mukulli a aljihu, dattawa uku shaidu, Buba ma yana nan, ya jingina da sandarsa. Na durƙusa a bayan Baba, ɗan nesa kaɗan, na nuna wurin da hannu biyu, don nuna wa suruki abu da yatsa ɗaya ban ga dacewarsa ba. Taurarin sun karkata yamma, ukun suna sama, Mai Goyo tana tsakiya, goyon a kanta ƙarara.

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ta tsakiyar ukun can, nawa ake gani?"

Ko ɗaga kai bai gama yi ba ya ce, "Biyu. In kuma na ɗan boko kake so, shida."

Dattawa suka ce, "Madalla!"

Na ce, "Baba, a yi min afuwa, ƙaramar ta wane gefe take?"

Ya ce, "Ƙasa. Ga ta nan a ƙasa kamar ta zame. Lawal, miƙo mukulli."

Na ji Buba ya yi wani ɗan tari. Kowa ya juyo yana jira in yi magana. Na buɗe baki in ce "ba haka ba ne", kalmar ta zo maƙogwaro ta ga ko wane ne a gabanta, ta koma.

Sai na jawo akwati na buɗe hawan ƙasa. Na ce, "Baba, kafin a kai ga wannan, ina da wata damuwa. Akwai gilasan nan da ban tabbata da ingancinsu ba, ina tsoron in cuci wani da su. Ko Baba zai taimaka ya duba min?" Na auna maganar kafin in faɗa, kuma ba ƙarya a ciki, domin ni ban taɓa tabbata da ingancin komai ba.

Ya ce, "Kawo. Ai dama ku yaran yanzu ba ku san kaya ba."

Na miƙa na farko da hannu biyu, kaina a ƙasa. Ya saka a juye, Yaya Lawal ya gyara masa. Ya ce, "Wannan jabu ne, jiri yake sawa." Na biyu ya ce, "Wannan ruwan kwata ne." Na miƙa na uku. Ya saka. Kwaɗi kawai ake ji. Na ga yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe sun kama tabarma.

Can ya ce, "Wa ya mayar da ita sama?"



Ya juya ya ce, "Buba! Kai ba ka ce min a ƙasa take ba?"

Buba ya ce, "Yaushe na faɗa maka? Tun ana shan mangwaro! Ni na ce surukinka ya yi wata da watanni yana jan ƙafa? Saniya ma ai ba ta kwana inda ta wuni."

"Maƙaryacin Bafillace!"

"Makahon Kaɗo!"

Dattawa suka kwashe da dariya har ɗaya ya kwanta. Baba bai kula su ba, ya koma kallon sama yana juya kai gabas da yamma. Ya ce, "Kai, yaushe suka yi yawa haka?" Sannan ya waiwayo ya haska ni da tocila ya ce, "Mai Tabarau, ɗago kanka." Na ɗago kaɗan. Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe haka kake. To, Hajara ta yi haƙuri."

Yaya Lawal ya ce, "Hamisu, magana ɗaya muke jira. Yana gani ko ba ya gani?"

Na ce, "Da gilashin nan, yana gani."

"In babu fa?"

Na ce, "In babu, Allah ya ƙara wa Baba lafiya."

Dattawa suka ce sun fahimta. Na ƙara da roƙo ɗaya, cewa nawa gwajin na kasuwa ne, a daure a je asibiti a auna sosai a yanka masa nasa. Ga mamakina Baba ya ce zai je, don yana so ya ga ko akwai wanda ya fi wannan. Yaya Lawal ya ciro mukulli ya ajiye a tafin hannunsa, sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Gobe da safe zai tuƙa zuwa Daura. Tunda kai ka yi shaida, kai za ka zauna a baya."

Wannan shi ne abin da nake so ku ji, ku masu allo. Duk wanda kuka ɗora wa gilashi a hanci, ku tambayi kanku ko za ku yarda ku hau bayansa.

Da safe na hau. Matsala ta farko, ina zan riƙe? Kama ƙugun suruki ba zai yiwu ba. Na matsa can ƙarshen kujera na kama ƙarfen kariya ta baya da hannu biyu, akwatina a ɗaure a gadon bayana. Ya ce, "Riƙe ni mana." Na ce, "Baba, na riƙe ƙarfe." Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Na zaci gudu zai kashe ni. Ashe ba haka ba. Muna fita gari ya ci birki har hancina ya kusa taɓa rigarsa.

Ya ce, "Wa ya haƙa rami a nan?"

Na ce, "Baba, ya daɗe."

Ya kewaye shi a hankali. Ba mu yi nisa ba ya sake tsayawa. Wani ramin. Gaba kaɗan zaizayar ruwa ta cinye rabin hanya, ya sauke ƙafa biyu ya leƙa ciki ya ce, "La'ilaha illallahu. Ta nan nake wucewa?" Da muka hau kwalta wata babbar mota ta taho daga nesa, ya gangara cikin gonar wani ya kashe inji har ta wuce. A da ƙararta kawai yake ji, yanzu ya ga girmanta. Wata mata mai tallar nono da muka wuce a Sandamu ta zo ta wuce mu, ta yi mana sannu. Muka sake wuce ta. Ta sake wuce mu, ta ce ko mai ne ya ƙare.

Rana ta take kafin mu shiga Daura. A asibiti aka auna shi, aka ce ya dawo ya karɓi nasa gilashin, kafin nan ya riƙe nawa. Muka fito inda babur yake. Baba ya tsaya yana kallonsa, yana kallon titi, 'yan acaba suna giftawa kamar an koro su. Ya ciro mukulli ya juya shi a hannu, ya zura shi a igiyar carbinsa, ya rataya a wuya.

Ya ce, "Mukulli dai nawa ne. Ko akwai mai magana?"

Na ce, "Babu, Baba."

"To ni na gama hawa hanyar nan. Mutane ba su da hankali. Kai za ka mayar da mu."

Na durƙusa a bakin titi na ce, "Baba, a gafarce ni, ni ko keke ban iya ba."

Ya dube ni ta cikin gilashina, daga hula har takalmin da ke hannuna. Ya ce, "To tura."

Haka muka kama hanyar Sandamu, ni ina tura babur, akwati a baya, shi yana gaba da hannu a bayansa, mukulli yana lilo a ƙirjinsa, yana gaida duk wanda ya hango da sunansa tun daga nesa. Jefi-jefi sai ya tsaya ya nuna ƙasa da baki.

"Rami, Mai Tabarau."

"Na gani, Baba."

"Ka tabbata? Ko in ara maka gilashin?"